Me ya kai fengwin Galapagos, amma babu shi a Aktik?

Ɗan Nazari: Assalamu alaikum. Ana samun fengwin, tsuntsun teku da ba ya tashi sama, a tsibiran Galapagos na tekun Pasifik, dab da layin ikwaita inda rana ke dukan ƙasa, amma a yankin Aktik mai ƙanƙara, can ƙuryar arewacin duniya, ko ɗaya babu. In sanyi ne sharaɗin zamansa, ina aka samu saɓani?

Malam Teku: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ruwa za ka duba, ba iska ba. Igiyar Humboldt, wato wani kwararen ruwa da ke tafiya cikin teku, na kawo ruwan sanyi ta gaɓar Chile da Peru, ita kuma igiyar Cromwell na tunkuɗo ruwan ƙarƙashi mai sanyi a yammacin tsibiran. Wannan ruwa ke ɗauke da abincin ƙananan kifaye, su kuma fengwin ke ci. Da El Niño, wani sauyin yanayi da kan zo lokaci-lokaci a tekun Pasifik, ya ɗumama ruwan a 1982 zuwa 1983, kifin ya yi ƙaura, yawan fengwin ɗin ya ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Yunwa ce ta kashe su, ba zafi ba.

Hajiya Mai Kifi: Malam ya yi gaskiya, amma zafin ruwa kansa na da nasa hukunci. Ruwa mai daɗi a digiri 0 na ma'aunin Selshiyos yana riƙe iskar oksijin kusan miligiram 14.6 a kowace lita. In ya kai 30, sai ya koma kusan 7.5. Shi ya sa kifin tirawut ke maƙale a rafukan duwatsu masu sanyi da gudu, da zarar ruwa ya haura 20 sai ya fara galabaita. Tarwaɗa kuwa ko a jikinta. Tana da wata gaɓa a bayan matsatsarta da take shaƙar iska kai tsaye, za ka ga ta leƙo saman kududdufi ta haɗiyi iska ta koma cikin taɓo.

Mai Taswira: Kun bar rabin tambayar. Aktik zai iya dacewa da fengwin, hanyar zuwa ce babu: ruwan ɗumi mai ƙarancin kifi ya tare tsakani, ga shi ba ya tashi. Irin wannan shinge masanin halittu Alfred Russel Wallace ya bayyana a 1859 tsakanin tsibiran Bali da Lombok na Indonesiya. Tazarar kusan kilomita 35 ce kacal, yanayi kusan ɗaya, amma mashigin na da zurfi, bai taɓa ƙafewa ba ko a zamanin ƙanƙara da ruwan teku ya ja baya, don haka ya tare wa dabbobi hanya. Damisa mai zane ta tsaya a Bali, akun kokatu kuma ya fi yawa daga Lombok zuwa gabas.

Ɗan Nazari: Na gode. To da an kai shi Aktik da hannu fa?

Malam Teku: A ƙasa yake ƙwai, ga dila da farin beyar suna yawo. Da wuya ya ƙyanƙyashe.