Allurar insulin: jiki na sabawa ko ba ya sabawa?

Kawu: Assalamu alaikum 'yan gida. Likita ya ce a fara wa Baba allurar insulin saboda ciwon suga, ni kam ban aminta ba. Duk wanda aka fara wa ba shi rabuwa da ita. Jiki sabawa yake yi har ta daina ci. Maƙwabcina a Mabera kullum ƙara mishi ake yi.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarku. A bayan ƙwayoyin halitta akwai maƙallai da insulin ke kamawa, sannan a buɗe wa suga hanya ya shiga. In insulin ya yi yawa cikin jini dare da rana, ƙwayar kan janye wasu maƙallan ciki, ta narka su, ta rage ƙera sababbi. Wannan a aji biyu aka koya mana.

Kawu: To kin gani! Da bakinki.

Auta: Ku bari in ida. Wannan janyewar ta faru ga Baba tun shekaru kafin a yi zancen allura. Pankiriyas ɗinshi, wato sashen jikin da ke yin insulin, ya daɗe yana zuba insulin da yawa saboda naman jiki da hanta sun daina ji, har ya gaji. Yanzu abin da yake fitarwa bai isa ba. Ciwon ne ke gaba, shi ya sa ake ƙara allura, sai a ɗora mata laifi.

Gwaggo: Ni shekara 19 ina ɗakin haihuwa, bari in sa baki. Ruwan naƙuda, wato oksitosin, in an daɗe ana ɗura wa mace, mahaifa kan rage ji, mun sha gani. Amma ita wannan mahaifar ce ke ninka maƙallan oksitosin in ciki ya tsufa. Abin hawa da sauka ne, Yaya.

Kawu: Mahaifa daban, tsoho mai shekara 70 daban.

Yaya Babba: Kawu, maƙwabcin nan naku ina yake aje allurarshi? A watan Afrilu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, ga wuta ba ta zama. Insulin lalacewa yake yi a zafi. Na taɓa ganin kwalba bisa taga, rana na dukanta.

Gwaggo: A tambaye shi kuma ko wuri guda yake sokawa. Fata kan yi kullutu, maganin ya ƙi bin jiki yadda ya kamata.

Auta: Tafiyar ƙafa ma na taimako. Tsoka in tana aiki tana jan suga ko da insulin kaɗan ne. Baba ya riƙa takawa masallaci maimakon a goya shi a babur.

Kawu: Wannan na yarda da shi. Allurar dai ina nan kan bakana sai na ji daga bakin likitan. Ran Litinin ni zan raka shi.

Yaya Babba: Allah ya kai mu. Auta, ki bi su. Ni zan sayo ƙaramin tulu a Tsohuwar Kasuwa, a binne shi cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗakin Inna, ko da za a buƙata don aje insulin a sanyi.

Kawu: Ka dai riƙe kuɗinka tukun.