A taimaka da kalma: kuɗin da Amurka ke biyan masu filin kiwo

Mai Shirin Noma: Salam jama'a, dan Allah a agaza, ƙarfe 4 zan shiga situdiyo. Labari ne kan shirin Grassland CRP na ma'aikatar gona ta Amurka. Mai filin kiwo zai je ofishin FSA (hukumar ma'aikatar mai hidima ga manoma) na yankinsa ya cike takarda, in an ɗauke shi a ƙulla yarjejeniyar shekara 10 ko 15, duk shekara a biya shi kan kowace eka, da sharaɗin ba zai nome filin ya mai da shi gona ba. Kuɗin suna ce masa annual rental payment. Me zan ce?

Ɗan Rimi: Kuɗin haya na shekara mana, meye na wahala a ciki

Mai Shirin Noma: Ai nan gizo ke saƙar yaya. In na ce haya mai saurare zai ɗauka gwamnati ta karɓe filin, alhali shanun mutum na nan suna kiwonsu a ciki, har ciyawa yana yanka in dai ba lokacin da tsuntsaye ke sheƙa ba.

Hajiya Ta Gusau: To ka ce tallafi ka huta

Ɗan Rimi: A'a Hajiya, wannan maki ake ba masu nema, ba kowa ke samu ba, kuma in ka saɓa yarjejeniya sai ka dawo da kuɗin. Tallafin daban ne, shi ne inda suke ɗaukar har rabin kuɗin shinge ko na mashaya.

Baffa Malam: Tun farko ma haya ba Hausa ba ce, hire ce ta Bature kuka lanƙwasa. Iyayenmu sufurin gona suke cewa. Amma ni shawarata KUƊIN HURUMI, na daɗe ina faɗa a nan ba a ji.

Ɗan Rimi: Allah gafarta Malam yau in ka ce sufuri ai tasha za a nufa. Hurumi kuma na jama'a ne, mai gari ke keɓe shi, su kuwa can filin mutum ne na kansa da takardarsa. Wani ma maƙabarta zai ɗauka ana nufi.

Baffa Malam: Haka kuke ku yaran yanzu, Hausar rediyo ta gama da ku, kalma in ba daga London ta zo ba ba ta da daraja.

Na Maraɗi: Gaskiya Malam ya hwaɗi, ku mutanen Najeriya Ingilishi ya cinye muku baki

Ɗan Rimi: Kai da kake zuwa lakwal wajen mushe, wato makaranta da malami a Faransancinku? Kuma Malam eka da gwamnati da kake rubutawa kullum daga Daura suka zo?

Baffa Malam: Waɗannan sun zauna. Kuma ka iya bakinka.

Hajiya Ta Gusau: Ni dariya ma abin ya ba ni, mu nan jangali aka sani, mai shanu ke biyan hukuma, can kuma hukuma ke biyansa. Ka ce jangalin juye kawai

Mai Shirin Noma: Hajiya ki rufa min asiri edita zai kore ni. Saura minti 40 fa. Ladan tattalin makiyaya ya yi?

Ɗan Rimi: A baki ya yi tunda karin sauti zai raba, amma a rubuce makiyaya ba a san fili ba ne ko masu kiwon. Sa filin kiwo.

Mai Shirin Noma: Shi kenan, ladan tattalin filin kiwo, sai in ƙara da cewa su a takarda haya suke kiransa duk da filin na hannun mai shi.

Baffa Malam: Kalma huɗu inda biyu sun isa. Je ka karanta, amma ni a aji kuɗin hurumi zan ci gaba da koyarwa.

Na Maraɗi: To shi Grassland ɗin kansa fa, filin ciyawa ko filin kiwo?

Mai Shirin Noma: Na shiga, sai na fito