Yaya ake raba hasken gamma na sararin samaniya da wanda kumbo ke haifarwa?

Ɗalibin kimiyya:
Assalamu alaikum, malamai. Na karanta cewa akwai raunannen hasken gamma, wato haske mai ƙarfin kuzari da ido ba ya gani, da ke zuwa daga kowace kusurwar sama kusan daidai wa daida. Idan tauraro ɗaya ake aunawa, ana iya juya na'ura gefe, a ɗebe abin da aka gani a can. To, wannan da ya mamaye ko'ina, da me za a gwada shi?

Malamin makaranta:
Wa alaikumus salam. Tun da ba a iya kashe hasken, abin da ke gurɓata awon ake sauyawa. Ƙwayoyin zarra masu tsananin gudu suna dukan jikin kumbo, ƙarfen kuma ya fitar da nasa gamma. Shi ya sa kumbon Ranger 3 a 1962 ya ɗora na'urarsa a kan sanda, Apollo 15 da 16 kuma, a 1971 da 1972, suka yi amfani da sanda mai tsawon mita 7.6. A hanyar dawowa daga wata ana miƙa ta ana janye ta, abin da ya ragu da nisa kuwa na kumbon ne.

Tsohon injiniya:
Malam ya yi gaskiya, amma sanda ba ta raba na'ura da kanta. Dutsen sodiyam ayodaid da ke cikin na'urar, wanda ke gano hasken, shi ma yana shan dukan, har ya riƙa fitar da haske daga baya. Saboda haka Apollo 17 ya tafi da irin dutsen a Disamba 1972, aka auna shi bayan an sauko. Duk da wannan gyara, an daɗe ana ganin wani tudu a awon, wato ƙarin haske wajen MeV kaɗan (MeV ma'aunin kuzarin hasken ne), ana ta neman asalinsa a can nesa.

Malamin makaranta:
Na'urar COMPTEL, a kumbon Compton da aka harba a 1991, ita ta warware shi, kuma a ganina dabararta ta fi ta sanda kyau. Maganaɗisun duniya ya fi kare kumbo a kusa da ikwaita, don haka dukan yana hawa yana sauka a kowane zagaye, hasken sama kuwa ba ya canzawa. Sai aka lissafa abin da zai rage idan babu duka sam, aka kuma ɗebe hasken sodiyam-24, wani nau'in sodiyam da dukan ke samarwa a alminiyam, wanda rabinsa ke gushewa cikin awa 15. Tudun ya ɓace.