Fili ɗaya gare ni, 'yata kuma karatun lauya take so: in sayar in kai ta jami'ar kuɗi?

Baban Ummi, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda abin ya taɓa faɗo wa. Yarinyata ta fari tun tana ƙaramar sakandare ba ta da zance sai na zama lauya. Sau biyu tana zana JAMB, makinta ba laifi, amma masu neman gurbi a Kongo, inda sashen lauya na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya yake, sun yi yawa, sai aka ba ta kimiyyar siyasa. Wata jami'ar kuɗi a Abuja ta ce ko gobe ta zo. Na zauna da biro na haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci na shekara guda, na ga ya haura albashina na shekara biyu, karatun lauya kuwa shekara 5 ne. Abin da na mallaka fili ne ɗaya, har dillali ya kawo mai saye. Ƙannenta huɗu. Barci ya gagare ni.

Maman Sadik, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ni na yi, kuma ban yi nadama ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ci wata tara. Na 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. A na biyun ne na ga yarona ya fara canzawa: barci har azahar, majalisa har sha biyun dare, abokai waɗanda ban san iyayensu ba. Na kwashe sarƙata da awarwarona na gado na sayar, na mayar da shi jami'ar kuɗi ya faro daga aji ɗaya. Lokacinsa da tarbiyyarsa na fansa. Amma ka sani, kuɗin da aka faɗa maka yau ba shi za ka biya baɗi ba. Bayan cire tallafin mai a 2023 aka ƙara mana, kuma ba rasit ba shiga ɗakin jarrabawa. Akwai ranar da ya kira ni daga bakin ƙofa muryarsa na rawa, ni kuma ina tsaye a shagon ƙanina ina roƙon rance.

Malam na Samaru

Alhaji, kafin ka sa hannu a takardar fili, ka tambaye su abu biyu. Shin NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta amince da kwas ɗin lauyan nasu? Kuma ɗalibai nawa aka yarje musu su tura makarantar horas da lauyoyi duk shekara? Kowace jami'a da adadinta. Ɗan yayata ya gama a wata wadda ta ɗebi fiye da ƙima, ya zauna gida shekara guda cur yana jiran layi, sa'anninsa kuwa suna rassan makarantar na Bagauda da Bwari. Saurin da aka biya dominsa nan ya tsiyaye. Ka kuma tuna rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, in ka kai ta can kai kaɗai ne gatanta. ABU tun 1962 aka kafa ta, jami'o'in kuɗi kuwa sai 1999 aka fara ba su lasisi. Ka duba sunayen malamansu, za ka tarar da yawa nan Zariya suka yi karatu.

Yaya Babba, Kofar Doka

Baba, ni ce irin Ummin, don haka ka yi haƙuri in faɗi nawa. Mahaifinmu gonarsa ya sayar ya kai ni. Gaskiya na ji daɗin karatun. Ba mu cika aji ba, malami ya san sunana, ba na sammakon kama kujera, kuma ranar da aka ce za mu gama ranar muka gama. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne nauyin da zai biyo baya. Ina aji uku ƙanina ya samu gurbi, aka ce ya dakata sai Yaya ta gama. Bai taɓa yi mini gori ba. Shi ke kai ni tasha a babur in zan koma, ya ɗora mini jaka, ya ce Allah ya ba da sa'a. Dakatawar nan ita ce har yau, yana gyaran waya a PZ. Na yi bautar ƙasa, na samu aiki, kuma teburin da ke kusa da nawa 'yar jami'ar gwamnati ce, albashinmu ɗaya. Duk ƙarshen wata in na tura wa ƙanina wani abu sai na ji kamar bashi nake ragewa. Ka zaunar da Ummi ka nuna mata lissafin nan da ka yi da biro, har da sunayen ƙannenta. Ni ba a nuna mini ba, da an nuna mini da na ce a bari.

Alhajin Giwa

Jami'o'in kuɗin ba farashinsu ɗaya ba. Ka leƙa Kano da Katsina ka ji nasu da kunnenka kafin ka yanke. Nawa biyu na kai, amma da amfanin gona nake biya duk kaka, gonar tana nan.

Baban Ummi, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha na kira Ummi da mahaifiyarta, na miƙa mata takardar lissafin, na kuma karanta mata saƙon Yaya Babba. Ta yi shiru, ta yi kuka, sannan ta ce za ta karɓi kimiyyar siyasar, amma in yi mata alƙawarin sake saya mata JAMB. Na yi mata. Dillali ya kira da safe, na ce ya ba mai sayen haƙuri. Ranar Litinin zan raka ta babbar harabar ABU da ke Samaru ta yi rajista.