Wa ya taɓa kama jan rana a kan duwatsun Birni?

Laminu Zango: Salamu alaikum masu zane. Jiya bayan la'asar na hau duwatsun Birni, tsohuwar unguwar nan ta Damagaram, da katakona da fenti, ina so in kama jan nan da rana ke shafa wa dutse in za ta faɗi. Ina cikin haɗa ja da rawaya, ɗaga kan da zan yi sai na ga dutse ya koma toka, ladan har ya kira magariba. Karo na uku ke nan. Ku yaya kuke yi?

Malam Isufu: Laminu, hannunka ba shi da laifi. A ƙasarmu rana kusan a tsaye take nutsewa, tsakanin faɗuwarta da shigar duhu minti 20 ne da ɗan ɗoriya. Ni kwana biyu nake yi ina fitar da siffar duwatsun da gawayi tun da sauran rana. A na uku nake zuwa da launukana a haɗe cikin gwangwanayen tumatir, sai shafawa kawai.

Hadiza Garin Malam: Malam, ina ma na ji wannan tun bara. Tawa matsalar inuwa ce. Gefen da rana ba ta taɓa ba na lafta masa baƙi. Yaran unguwa sun kewaye ni kamar mai rabon alewa, wata ƴar mitsitsiya ta leƙa ta ce, “Anti, buhunan gawayi ne?” Na ji haushi, amma da gaskiyarta, don duwatsunmu mulmulallu ne, wani kan wani kamar an jibge su. Da na koma na ƙura wa inuwar ido, ashe shuɗi ne da ɗan ja a ciki. Tun ranar ban ƙara buɗe baƙin fenti ba.

Sani Direba: Ni a hanyar Agadas na gwada, ina hangen duwatsun Ayar. Can tsauni ne na gaske, dutsen Bagzan ya haura mita 2000. Na kusa ja wur, na bayansa ya dushe, na can ƙurya shuɗi-shuɗi har ya saje da sama. Na ɗauka da waya don in ƙarasa a gida, waya ta mai da duk duwatsun baƙi ƙirin.

Malam Isufu: Kuma kada wanda ya wahalar da kansa da hunturu. Hazo ke haɗiye rana tun ba ta kai ƙasa ba, fara fat kamar faranti, fentin ruwa kuma a bakin burushi yake bushewa. Ƙarshen damina, wajen Oktoba, sama a wanke take.

Laminu Zango: Na gode, Malam. Asabar in Allah ya kai mu zan fara da gawayin. Hadiza, wane shuɗi kike saye, na gwangwani ko na kwalba?