In ajiye aikin kamfani in tsaya da ƙafata? Masu rubuta manhaja ku ba ni shawara

Dan_Gwammaja:
Salam 'yan uwa. Ina aiki a wani kamfani a Abuja, ɓangaren manhajarsu ta waya. Albashi ba ya fashi, akwai fansho akwai inshorar asibiti, amma wallahi raina ya fita daga aikin. Kullum mitin, kullum facin kod ɗin da wani ya rubuta ya tafi tun kafin in zo, in ka kawo shawara a ce sai oga ya sa hannu. Ina so in koma Kano in riƙa karɓar aiki a Upwork (shafin intanet da masu zaman kansu ke samun kwangilar aiki), a gefe kuma in gina tawa manhajar ta lissafin kaya don 'yan kasuwa. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa min gaskiya.

Abu_Hanan:
Wslm. Ni abin da nake yi kenan kuma ba na nadama, tun da aka saki naira a 2023 wanda ake biya da dala ya san ya huta. Amma ka sani kai ne mai neman kwastoma, kai ne mai ciniki, kai ne mai bin bashi, ga wuta ga data duk a kanka, kuma sabon akawun a Upwork sai ka yi ta tura buƙata ba mai kula ka saboda ba ka da ko rating ɗaya, wato makin yabo da kwastoma ke ba ka bayan aiki. Akwai watan da za ka samu na wata uku, akwai wanda ko sisi. Daɗin dai ni nake zaɓar aikin da zan yi, ba mai kira na mitin.

Maman_Ilham:
Ƙanina a yi a hankali. Fanshon nan da kake rainawa, a dokar fansho ta 2014 kai kana sa kashi 8 na albashinka kamfani na ƙara maka kashi 10, ranar da ka fita wannan 10 ɗin ta tsaya. Sannan ni a kamfani na koyi aiki, don akwai manya da ke duba kod ɗina su ce nan ba daidai ba. Kai kaɗai a ɗaki wa zai gyara maka? Wata ƙila wurin ne bai dace da kai ba, ka nemi wani kamfanin tukuna.

Abu_Hanan:
Hajiya kamfanin ma ai ba tabbas. Andela, kamfanin da ke ɗaukar masu rubuta manhaja, ta sallami ƙananan ma'aikata kusan 400 a 2019, Twitter ta kori wajen rabin mutanenta a 2022.

Injiniya_Zazzau:
Ni maganar manhajar ce ta dame ni. Sa ta a Play Store ba wuya, dala 25 ce sau ɗaya, wuyar ita ce ka shawo kan Alhajin Kantin Kwari da ya saba da littafi da biro ya yarda ya riƙa biyan ka duk wata. Ka gina ta da dare da ƙarshen mako kana cikin aikin, ka kai wa masu shago su gwada, amma fa ka duba takardar ɗaukar ka aiki, wasu kamfanonin sukan rubuta cewa abin da ka ƙirƙira kana wajensu nasu ne.

Dan_Gwammaja:
Na gode ƙwarai. Takardar zan fara dubawa yau in sha Allah. Malam Abu, ta wace hanya kake karɓar kuɗin, Payoneer (kamfanin karɓar kuɗi daga waje) ko kai tsaye banki?