Bakin cizal ɗina yana ta lanƙwashewa, ina mafita?

Assalamu alaikum, iyayen gidana kafintoci. Wata takwas ke nan da na yi sallama da maigidana na buɗe rumfata a Kano, kuma cizal, wato ƙarfen nan mai kaifin baki da muke sassaƙa da huda katako da shi, ya hana ni sakat.

Saiti biyu na saya sababbi cikin leda. A farin katako suna ci lafiya lau, amma da na ɗora su kan madaci zan huda gurbin ƙafar kujera, bugu biyar ko shida sai bakin ya naɗe kamar gwangwani. Na wasa a dutse da mai, na sake wasawa, duk ɗaya. Na biyun ma ƙotar ce ta tsage tun ranar farko, ko da yake wannan laifina ne, da hamar ƙarfe na buga.

Wani dattijo ya ce in goga magagari a bakin: in ya ci ƙarfen cikin sauƙi, ba a gasa shi da kyau ba. Na gwada, ya ci kuwa. To wane mai shago zai bar ni in goga wa sabon kayansa magagari?

Yaya kuke gane na ƙwarai kafin ku biya? Ko in haƙura in nemi tsofaffin cizal ƙirar kamfanin Stanley ko Marples na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa, ko da sun yi tsatsa? Allah ya saka da alheri.